Idan Masu Jini Suka Ce Kada A Kashe

Kwana goma bayan harin 11 ga Satumba na 2001, wani Ba'amurke mai suna Mark Stroman ya shiga kantin wani gidan mai a Dallas ta jihar Teksas, ya tambayi mai jiran kantin daga ina yake, bai ma tsaya jin amsa ba ya ɗirka masa bindiga a fuska. Mai jiran kantin, Rais Bhuiyan, Musulmi ne ɗan Bangaladash. Da yake da sauran kwanansa a gaba ya rayu, sai dai idonsa ɗaya ya daina gani. Sauran mutum biyu da Stroman ya harba a makonnin nan ba su kai labari ba: Waqar Hasan ɗan Pakistan, da Vasudev Patel ɗan Indiya. Shi a haukarsa wai fansa yake ɗauka a kan Larabawa, alhali babu Balarabe ko ɗaya a cikinsu. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa.

Bayan Bhuiyan ya sauke farali a 2009, sai ya ɗaura ɗamarar ceton ran mutumin da ya so halaka shi. Ya tara sa hannun dubban mutane, ya sami goyon bayan iyalan Waqar Hasan, har ya maka gwamnan jihar, Rick Perry, a kotu, yana cewa a matsayinsa na wanda aka zalunta yana da haƙƙin a saurare shi. Kotuna suka yi watsi da ƙarar. Ranar 20 ga Yuli na 2011 aka yi wa Stroman allurar guba.

Duk inda aka zauna muhawarar hukuncin kisa, akwai tambayar da ke saurin kulle bakin mutum: "Da ɗanka aka kashe fa?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na ganin girman wanda zai yi mata dariya. Gwamnatoci ma sun san nauyinta, shi ya sa da wuya ka ji mai mulki ya ce zai rataye mutum don ya nuna ƙarfin iko ko don zaɓe ya gabato. Kullum cewa ake yi domin iyalan mamaci ne. A 2019, da gwamnatin tarayyar Amurka za ta koma aiwatar da kisa bayan dogon hutu, ministan shari'a William Barr da wannan ya kafa hujja, cewa bashi ne da waɗanda aka kashe da iyalansu ke bin gwamnati. To, wa aka fara kashewa? Daniel Lewis Lee, ranar 14 ga Yuli na 2020, bisa laifin kisan wani mutum da matarsa da 'yarta mai shekara 8 a jihar Arkansas a 1996. Earlene Peterson, wadda ita ce mahaifiyar matar kuma kakar yarinyar, ta yi ta roƙo kada a kashe shi. Ta ce abokin laifinsa, wanda shi ne jagoran ta'asar, ɗaurin rai da rai aka yi masa, ita kuma ba ta son a zubar da jini da sunan 'yarta. Aka yi kunnen uwar shegu da ita. Bashin da aka ce iyali ke bi, an biya shi ne bisa dole, mai bin bashin tana cewa ba ta so.

Wannan ya ishe ni in gane cewa a yawancin ƙasashen da ke kisa, iyalan mamaci ana nemansu ne muddin bakinsu ya zo ɗaya da na mai gabatar da ƙara. Ranar da suka ce a sassauta, sai a tuna cewa ai laifin kisa laifi ne da aka yi wa ƙasa, ba wa gida ɗaya ba.

Amma ba masu son kisa kaɗai ke da wannan hali ba, kuma a nan ne zan ɓata wa mutanena rai, domin ni ina cikin masu ganin ya kamata gwamnatoci su daina kashe fursunoni. Mu ma muna zaɓen iyalan da za mu saurara. Muna son labarin Bhuiyan, muna son na Bud Welch, wanda 'yarsa Julie na cikin mutum 168 da bam ɗin Oklahoma ya halaka a 1995, amma ya tsaya tsayin daka kan kada a kashe Timothy McVeigh, wanda ya tayar da bam ɗin, har ya taka ya je ya ga mahaifinsa. Irin waɗannan su muke gayyata taro mu ba su abin magana. Ina muka bar iyayen yaran makarantar Parkland ta jihar Florida? An kashe musu mutum 17 a 2018, wanda ya yi kisan ya amsa laifinsa, amma a 2022 mutum 3 cikin 12 na masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙi yarda a kashe shi, ya tsira da ɗaurin rai da rai. Iyayen suka fito gaban 'yan jarida suna rawar jiki don baƙin ciki. Zafin abin ya kai ga jihar ta sauya doka a 2023, ta ce mutum 8 cikin 12 sun isa a yanke kisa. Ina kuma muka bar Asha Devi ta Indiya, wadda aka yi wa 'yarta fyaɗen taron dangi a cikin bas a Delhi a 2012 har ta rasu, ta yi shekara bakwai tana safa da marwa a kotuna sai da aka rataye mutum huɗu a watan Maris na 2020? Gab da ratayewar wata babbar lauya ta shawarce ta da ta yi koyi da Sonia Gandhi, wadda ta nema wa ɗaya daga cikin masu hannu a kisan mijinta sassauci. Asha Devi ta mayar mata da martani mai zafi, ta ce wace ce ita da za ta ba ta wannan shawara. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Yafiya ba abin da wanda bai ji ciwon ba zai rubuta wa wanda ya ji ba ne.

To ga tarkon. Idan na ce a bar Stroman da rai don Bhuiyan ya ce a bar shi, da wane baki zan ce kada a kashe wanda iyalai da yawa suka ce a kashe? Wanda ya gina adawarsa da hukuncin kisa a kan son ran iyalan mamaci, ya gina ta a kan abin da zai juya masa baya gobe, domin masu cewa a kashe ba su fi masu cewa a yafe ƙarancin ciwo ba, kuma ina kyautata zaton sun fi su yawa.

Na daɗe ina juya wannan, kuma inda na tsaya shi ne: kuskuren yana wajen ɗaukar cewa muryar iyali dole ta yi nauyi iri ɗaya ko ta wane gefe ta karkata. Ba dole ba ne. A ba iyali birki, kada a ba su totur. Afuwarsu ta iya tsayar da kisa, amma fushinsu kada ya iya ƙara wa kowa hukunci fiye da abin da laifinsa da hujjojin da ke kansa suka tanada.

Wannan ba sabon tunani ba ne, kuma mai karatun fiƙihu zai gane shi nan take. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta wajabta ƙisasi, kuma a cikin ayar aka buɗe ƙofar rangwame daga ɗan'uwan mamaci, aka kira hakan sauƙi da rahama daga Ubangiji. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ba waliyyin wanda aka kashe da zalunci iko, ta kuma bi shi da gargaɗin kada ya wuce iyaka. Duba yadda malamai suka shimfiɗa abin. Kafin a kashe, sai duk masu haƙƙin jini sun haɗu a kan neman ƙisasi. Kafin a fasa kuwa, mutum ɗaya daga cikinsu ya isa. Da zarar ya yafe, ƙisasi ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya ko da ransu bai so ba. Mutum tara masu fushi ba za su rinjayi mutum ɗaya mai afuwa ba. Kuma duk zafin zuciyar waliyyi, ba shi da ikon ya ce a kashe biyu a madadin ɗaya, ko a azabtar kafin a kashe, ko a kashe wanda laifinsa bai tabbata ba. An ruwaito daga Anas cewa ba a taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata shari'ar ƙisasi ba face ya yi umarni da afuwa.

Mazhabar Malikiyya ta ƙara abu biyu da nake ganin duniya ba ta ba su kulawar da ta dace ba, kuma duk suna cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. Na farko, wanda aka yafe wa kisan ganganci ba ya kaɗe rigarsa ya tafi gida: ana yi masa bulala 100 a ɗaure shi shekara guda. Mutum na iya cewa shekara guda ta yi kaɗan a wannan zamani, ni ma haka na gani, amma ƙa'idar ita ce abin dubawa, wato iyali sun yafe nasu, hukuma kuma tana da nata da ba su isa su yafe ba. Na biyu, kisan gilla, inda aka yaudari mutum aka ja shi inda babu mai cetonsa aka kashe, babu afuwar iyali a cikinsa, domin ɓarnarsa ta wuce gida ɗaya, ta shafi amincin kowa.

Me ya sa waɗannan biyun ke da muhimmanci? Saboda afuwar da ke buɗe ƙofar kurkuku gaba ɗaya tana zama haja, kuma duk haja akwai mai iya sayenta. A watan Janairu na 2011, Raymond Davis, ɗan kwangilar hukumar leƙen asirin Amurka, ya bindige mutum biyu a kan titin Lahore. Ba a cika wata biyu ba aka kawo iyalansu kotu, aka sanar da cewa sun karɓi diyya ta fiye da dala miliyan 2, ya hau jirgi ya bar Pakistan a ranar. Matar ɗaya daga cikin mamatan ba ta ga wannan rana ba. Ta sha guba tun a watan Fabrairu, bayan ta ce ta san sakinsa za a yi. Wace irin yafiya ce wannan, wadda gwamnatoci biyu ke tsaye a kan iyalan talakawa suna jiran su sa hannu?

Na Qandeel Baloch, wata matashiya 'yar Pakistan da ta yi suna a kafofin sada zumunta, ya fi wannan ɗaure kai. Ɗan'uwanta ne ya shaƙe ta a Multan a 2016 wai don ta zubar da mutuncin gida, ya kuma fito ya faɗa da bakinsa. Kisan ya girgiza Pakistan har majalisa ta yi doka a shekarar don toshe kafar da masu irin wannan kisa ke bi su kuɓuta. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2019. A watan Fabrairu na 2022 babbar kotun Lahore ta sallame shi, bayan iyayensu sun yafe. Ka ga a nan masu jini su ne iyayen mai kisa. Uwa ta rasa 'ya, ana tambayarta ko tana son ta rasa ɗa. Kowa ya san amsar da za ta bayar, shi ma mai kisan ya sani tun kafin ya ɗaga hannu.

Sai na Jamal Khashoggi, ɗan jarida ɗan Saudiyya, wanda aka jawo shi ofishin jakadancin Saudiyya a Santambul a watan Oktoba na 2018 da sunan karɓar takardun aure, bai sake fitowa ba. Idan ana neman misalin kisan gilla da za a koya wa ɗalibai, ga shi nan. Kotun Saudiyya ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa a ƙarshen 2019, 'ya'yansa suka sanar da afuwa a watan Mayu na 2020, zuwa Satumba hukuncin ya koma ɗaurin shekara 20. Ni ba rashin kashe su ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda afuwar 'ya'yan da ke zaune ƙarƙashin ikon hukumar da ake zargin manyanta ta zama murfin da aka rufe maganar da shi. Matar da zai aura, Hatice Cengiz, ta ce babu wanda ke da ikon yafe wa makasan, amma ita ba magajiya ba ce, babu wanda ya tambaye ta.

Wannan ya kawo ni kan abin da masu cewa "a bar wa iyali" ba su cika tsayawa a kai ba: wane ne iyalin? Gida ba baki ɗaya yake magana ba. Uwa na so a kashe, matar mamaci na so a karɓi diyya don akwai marayu, ɗan fari bai balaga ba, ƙane yana gudun a ce ya sayar da jinin wansa. Su kansu malaman fiƙihu sun saɓa: Malikiyya ba su ba 'ya'ya mata ikon afuwa idan akwai 'ya'ya maza, sauran mazhabobi uku kuwa sun ba kowane magaji, mace ko namiji. Sannan son ran iyalin na wace rana za a ɗauka? Bud Welch da kansa ya sha faɗa cewa a watannin farko ko shari'a ba ya so a yi wa McVeigh, so yake a kashe shi nan take. Da an tambaye shi a 1995 da amsa ɗaya, da aka zo 2001, shekarar da aka kashe McVeigh, amsarsa ta zama wata. Idan an bi amsar farko aka kashe, ta biyun ba ta da amfani. Idan an bi ta afuwa aka ɗaure, ko zuciya ta sake juyawa mai laifin yana nan a tsare.

Akwai kuma nauyin da ake ɗora wa mai makoki, wanda nake ganin zalunci ne na biyu. A watan Afrilu na 2014 hotunan wata uwa a garin Nur na ƙasar Iran suka zagaya duniya. An kawo Balal, wanda ya daɓa wa ɗanta wuƙa a faɗan titi shekara bakwai kafin nan, an rufe masa ido, igiya na wuyansa, yana tsaye a kan kujera, jama'a sun cika wurin. Samereh Alinejad ta matso ta wanka masa mari, sannan ita da mijinta suka cire masa igiyar. Duniya ta yaba, kuma ta cancanci yabo. Amma a tsaya a duba abin da aka sa matar nan ta ɗauka: shekara bakwai ana zarya gidanta ana roƙo, sannan a tsayar da ita gaban taro a ce ran mutum na hannunta, uwarsa kuma na gefe tana kuka. Wata shida bayan haka, a wannan ƙasar dai, aka rataye Reyhaneh Jabbari mai shekara 26, wadda ta ce ta soki mutumin ne da ya nemi keta mata haddi. Iyalinsa ba su yafe ba. Tsakanin Balal da Reyhaneh, abin da ya raba mai rai da matacce ba girman laifi ba ne, zuciyar gidan da aka taɓa ce.

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi a kan matsayina, kuma ba zan kauce mata ba. Ko da afuwa kaɗai aka bari ta yi tasiri, an bar rashin daidaito: mutum biyu sun yi laifi iri ɗaya, ɗaya ya faɗa kan gidan masu taushin zuciya, ɗaya ya faɗa kan gidan da ba su iya ba, ko kan baƙon da ba shi da kowa. Gaskiya ne. Abin da zan ce kawai, rashin daidaiton da ke rage yawan waɗanda ake kashewa ya fi mini sauƙin haɗiya a kan wanda ke ƙara shi. Kuma kada a yi zaton inda aka hana iyali zaɓi an sami daidaito. A Amurka, binciken da aka gabatar wa Kotun Ƙoli a shari'ar McCleskey ta 1987 ya duba shari'o'in kisa fiye da 2,000 a jihar Georgia, ya gano cewa wanda ya kashe farar fata ya fi wanda ya kashe baƙar fata yiwuwar samun hukuncin kisa fiye da sau huɗu. Kotun ta ce wannan bai isa hujja ba, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Shekara huɗu bayan haka, a shari'ar Payne ta 1991, ta halatta wa iyalai su tsaya su bayyana irin mutumin da aka raba su da shi da irin halin da suka shiga. A ido abu ne mai kyau. Amma wanda ya bar mata mai iya magana da 'ya'ya masu digiri, da wanda ya mutu a bakin titi babu mai zuwa kotu dominsa, hawayen da za a zubar musu ba ɗaya ba ne, kuma hukuncin kan bi hawayen.

Abin mamaki, dokar ƙasar ta bar iyali su faɗi ciwonsu amma ta hana su faɗa wa masu yanke hukunci irin hukuncin da suke so. An yi haka ne don kare wanda ake tuhuma daga fushin iyali, sai ga shi yana toshe bakin masu afuwa ma. Bill da Denise Richard, waɗanda bam ɗin gasar gudu ta Boston ya kashe musu ɗa mai shekara 8 a 2013, ya kuma raba 'yarsu da ƙafa ɗaya, a jarida suka rubuta roƙonsu a watan Afrilu na 2015 cewa a janye neman kisa a kan Dzhokhar Tsarnaev, ɗaya daga cikin waɗanda suka dasa bam ɗin. Ba su ce sun yafe ba, a lura. Hujjarsu ita ce hukuncin kisa zai jawo shekaru na ɗaukaka ƙara, kowane zama a sake tayar musu da ranar da suke son su binne, yaransu da suka rage su tashi a cikin wannan. Aka yanke masa kisa a watan Mayu. Daga baya ɗaya daga cikin masu yanke hukuncin ya ce da ya san matsayin iyayen, da wataƙila ya sauya ƙuri'arsa. Abin da suka ji tsoro kuwa shi ya faru: kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2020, Kotun Ƙoli ta maido da shi a 2022, a 2024 aka sake umartar a binciki wasu daga cikin masu yanke hukuncin. Masu cewa kisa ne ke kawo wa iyali kwanciyar hankali, sai su bayyana mana wane kwanciyar hankali ke cikin wannan.

Duk da haka, babban dalilina na adawa da kisa ba ya hannun iyali ko kaɗan. Iyali sun san zafin rashi fiye da kowa, amma ba su fi kowa sanin wanda ya yi kisan ba. Abin da 'yan sanda suka faɗa musu shi suka riƙe. An rataye Timothy Evans a Ingila a 1950 bisa kisan 'yarsa, babban mai ba da shaida a kansa kuwa maƙwabcinsa ne John Christie, wanda bayan shekara uku aka tono gawarwakin mata a gidansa. Afuwar da aka yi wa Evans a 1966 a kabari ta same shi. Iwao Hakamada na Japan an yanke masa kisa a 1968, ya yi shekaru fiye da 40 yana jiran hauni, sai a watan Satumba na 2024 kotu ta wanke shi yana da shekara 88, ta ce ƙirƙirar hujjojin aka yi. A Amurka, daga 1973 zuwa yau an wanke kimanin mutum 200 da aka riga aka yanke musu kisa. A yawancin irin waɗannan shari'o'i akwai iyalin da suka yi imani da zuciya ɗaya cewa an kama makashin ɗansu. Ba ƙarya suka yi ba, ƙarya aka yi musu.

Mai cewa adawa da wannan ja ne da ayar ƙisasi, sai ya dubi abin da ake aiwatarwa a zahiri. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga kisa 1,518 a 2024, ban da na Sin da ba a bayyana adadinsa, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na laifin ƙwaya ne, inda babu mamaci balle waliyyi. A mafi yawan ƙasashen da ke rataya, dokar ba ta san da wani waliyyin jini ba, ba ta san diyya ba, afuwa kuma tana aljihun gwamna ko shugaban ƙasa. Wanda ya kare wannan tsari da sunan ƙisasi ya ɗauki rabin ayar ya bar rabin. Ikirarin da aka samu da duka a ofishin 'yan sanda, da lauyan da bai ga wanda yake karewa ba sai ranar shari'a, ba su ne sharuɗɗan da malamai suka gindaya kafin a zubar da jinin mutum ba.

Don haka abin da nake so a ƙasar da ba ta kai ga soke hukuncin ba shi ne doka ta fito fili ta ce: idan makusancin mamaci ya tsaya gaban alƙali, ba a gaban taro ba, ya ce ba ya son a kashe, to an rufe maganar kisa, a koma ɗauri mai tsawo da kotu za ta yanke bisa girman laifin. Afuwar ba za ta rage ko kwana ɗaya daga ɗaurin ba, saboda haka mai kuɗi ba shi da 'yancin da zai saya, ɗan'uwan da ya kashe ƙanwarsa ba shi da gidan da zai koma. Diyya kuma kotu ta yanke ta a matsayin haƙƙin marayu, ko an yafe ko ba a yafe ba, a daina cinikinta a bayan fage. Iyalin da suka ce a kashe, a saurare su da mutunci, a sanar da su duk inda shari'a ta kwana, a ɗauke musu kuɗin zirga-zirga da na magani da karatun yaran da aka bari, abubuwan da gwamnatocin da ke rantsuwa da sunansu kan manta da su da zarar an tashi daga kotu. Amma kada a ɗora musu yanke hukuncin.

Saura murya ɗaya, ta wanda aka kashe ɗin kansa. Risala ta amince mutum ya yafe jininsa kafin ransa ya fita, muddin ba kisan gilla ba ne. A Amurka ma akwai masu rubuta wasiyya tun suna da lafiya cewa idan an kashe su kada a kashe makashinsu. Wani limamin Katolika a Florida, Rene Robert, ya sa hannu a irin wannan takarda a 1995. A 2016 wani mutum da yake taimaka wa ya sace shi ya harbe shi a dajin Georgia. Mai gabatar da ƙara ta ce za ta nemi kisa duk da takardar, domin ba ta da ƙarfin doka. Sai da manyan limamai uku suka kai koke da sa hannun mutum fiye da 7,000, sannan a 2017 aka daidaita a kan ɗaurin rai da rai ba tare da damar fita ba. Na ji masu cewa girmama irin wannan wasiyya zai sa a riƙa farautar waɗanda suka rubuta ta. Ban ga alamar haka ba. Wanda ya tsaya lissafi kafin ya yi kisa, lissafin kada a kama shi yake yi, ba ya zuwa neman takardar da za ta tabbatar masa da mutuwa a kurkuku yana tsoho.